Waiwaye: Gajerun ƙafafun 737 da girman injinan zamani

Tun da aka dakatar da jiragen Boeing 737 MAX a faɗin duniya a watan Maris na 2019, bayan haɗurra biyu da suka ci rayuka 346, ake ta muhawara a kan injinansa: me ya sa aka turo su gaba, aka kuma ɗaga su sama? A ganina, mai son gane wannan sai ya sunkuya ya dubi ƙafafun jirgin.

A 1967 ne 737 ya fara tashi. Da gangan aka yi cikinsa kusa da ƙasa saboda ƙananan filayen jirgi marasa kayan aiki, ta yadda mai lodi zai miƙa jaka yana tsaye, makaniki kuma ya duba inji babu tsani. Injin wancan zamani, JT8D, siriri ne, ya shige ƙarƙashin fiffike lafiya lau.

Shekarar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce 1984, lokacin da 737-300 ya fito. An shiga zamanin injina masu faffaɗar farfela, masu tsimin mai da ƙarancin ƙara, ga jirgi kuma gajere. Wani zai ce a ƙara wa ƙafar tsawo mana. Ai ƙafar naɗewa take yi, tayoyinta su kwanta a wani rami a tsakiyar cikin jirgin. In ta ƙara tsawo sai an matsar da maɗaurinta, an sake ƙera gindin fiffike, kusan sabon jirgi ke nan. Don haka injin aka matse. Farfelar injin CFM56 mai faɗin santimita 173 aka rage ta zuwa 152, na'urorin da ke maƙale a ƙasan injin aka mayar da su gefe, aka baje ƙasan murfinsa, aka turo shi gaban fiffike. Duk wanda ya hau tsohon 737 a Kano ko Abuja, ya duba bakin injin: bai cika da'ira ba, ƙasansa a shafe yake, tsakaninsa da kwalta bai kai rabin mita ba.

Dabarar ta yi aiki ƙwarai, an ƙera irin waɗannan jirage kusan 2,000. Daga nan kuwa ta zama hanya.

Jirgin A320 na kamfanin Airbus da ya fara tashi a 1987 tun a takarda aka ba shi dogayen ƙafafu, shi ya sa daga baya ya ɗauki farfela mai santimita 198. Ta MAX 176 ce, duk da haka sai da aka ƙara wa ƙafar gaba kimanin santimita 20, aka sake turo injin gaba da sama. Hakan ya sauya halin jirgin in hancinsa ya ɗagu sosai, dalilin sa masa manhajar MCAS ke nan, wadda ke sunkuyar da hancin jirgin da kanta.

MAX 10 kuwa, mafi tsawo a jiragen MAX, saboda tsawon jikinsa, wutsiya na iya gogar titi wajen tashi. Sai aka yi masa ƙafa mai miƙewa da kimanin santimita 24 a daidai wannan lokaci, sannan ta takure ta shige ramin da ta gada.