Tambayoyin da ake yi min kan bulon da ekuru na sabuwar kolekta

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda samarinmu na Garwa suka fara cire kolektar salansa ta asali, wato bakin karfen nan mai nauyi da ke manne a jikin kulas (kan injin) yana tara hayaki, suna sa ta bututu mai sheki, kusan kullum sai an tsare ni a gareji da maganar abin da za a daure ta da shi. Ga wadanda suka fi yawa.

Maigida, in mayar da tsofaffin bulon ba zai yi ba?

Dan uwa nan ne kowa ke faduwa. Bakin kolektar asali, inda bulon ke ratsawa, yana da kauri, na sabuwar kuma sau da yawa falle ne, milimita 8 ko 10, to tsohon bulon sai ya yi tsawo, ya je ya tokare a gindin ramin kulas, kai kana jin kle (sifana) ya yi tauri ka dauka ya dauru alhali bai matse juwan, fallen da ke toshe tsakanin kolekta da kulas, ba ko kadan. Kwanaki aka kawo min wata Corolla, da safe in an tada ta sai ka ji tsik tsik tsik, in ta yi zafi ta yi shiru, juwan uku aka canza mata a wani wuri. Na haska toci na ga bakin hayaki ya zana layi a gefen silinda ta hudu, na zura waya a ramin na auna, ashe bulon ne ya fi ramin. Wallahi abin ya bata min rai, kudin bawan Allah ya tafi a banza. Ka auna zurfin rami kafin ka je kasuwa.

Bulon ya fi ko guzon?

Guzon, wato mai zare kai biyu. Kulas na yawancin kananan motocin yanzu alminiyon ne, zarensa ba ya jure daura-kwance, shi kuwa guzon sau daya zai shiga ya zauna, ekuru, wato noti, ne ke shan wahala. Kuma kana rataya juwan da kolekta a kai hannunka ya huta. Sai dai in bututu ya lankwaso ya tare wurin, nan dole bulon mai karamin kai.

Wace lamba zan nema?

Duba lambar karfi a kan bulon, in ka ga 8.8 ko 10.9 dauka, in 4.8 ne ko babu rubutu ajiye musu. Sai zare, galibi M8 (kaurin milimita 8) mai taki, wato tazarar zare, 1.25 ne ko M10, amma fa M10 akwai mai 1.5 akwai mai 1.25, motocin Japan kuma sun fi amfani da 1.25 din. Tafi da tsohon a aljihu. In ka dawo murda sabon da yatsu, in ya cije tun zagaye na biyu kar ka sa masa kle, ba nasa ba ne.

Na inoks fa, farin karfen nan, tunda ba ya tsatsa?

Yana da kyau a ido, amma wanda aka rubuta A2-70 bai kai 8.8 karfi ba, kuma inoks a kan inoks in ya sha zafi yakan like har sai an yanke. In shi kake so shafa man jan karfe a zaren.

Wane ekuru ne ba ya kwancewa?

Don Allah kar ka sa mai roba a ciki. Wurin nan zafinsa na wuce digiri 600, robar narkewa take tun tafiyar farko. Rondel (washa) mai tsaga ma zafi na kashe mata karfi ta koma kamar zobe. Nemi ekuru mai ruwan jan karfe wanda aka dan matse bakinsa, karfe ne zalla yana rike kansa, ka sa rondel shimfidaddiya mai kauri a karkashi. Juwan kuma na karfe mai falle-falle, sabo, kar a maimaita tsoho.

Yaya ake daurewa?

Injin a sanyaye, daga tsakiya ka fito gefe, kadan kadan zagaye biyu ko uku. M8 wajen Nm 20 zuwa 25 na karfin dauri yake so, in littafin motarka ya fadi wani abu bi nasa. Bayan ta yi zafi ta huce sau biyu uku ka sake bi da kle, juwan yakan kwanta.

Na yi duk wannan amma guzon na karshe ya karye, me ya jawo?

Leka karkashin motar malam. In robobin da ke rataye salansa sun tsinke, ko an jefar da karfen da ke rike bututu a jikin injin don bai dace da sabuwar ba, duk nauyin ya koma wuyan guzon, ga gargadar hanya irin ta Mora zuwa Kuseri tana jijjiga shi. Sa mai walda ya gyara karfen ya zauna daidai, a sa fileksibil, guntun bututu mai lankwasuwa, bayan kolekta, robobin ma a canza su.