Bibiyar tsoffin 'yan wasa a wajen masoya ƙwallo na Kano

Bibiyar tsoffin 'yan wasa wata ɗabi'a ce ta magoya bayan ƙwallon ƙafa, inda ɗan wasa zai bar kulob ya koma wani, ko ma ya rataye takalmi gaba ɗaya, amma magoya bayan kulob ɗinsa na da su ci gaba da sa masa ido, ina ya koma, nawa aka saye shi, yana buga wasa ko benci yake ɗumamawa, me ya gina, wace rigima ya shiga. A birnin Kano abin ya kasu gida biyu, akwai bibiyar yaran da suka tashi daga Kano Pillars suka tafi waje, sannan akwai bibiyar taurarin Turai da suka bar kulob ɗin da mutum yake goyon baya irin su Man United ko Barcelona ko Arsenal. Ta farkon ta fi zafi nesa ba kusa ba, don a nan ba a ɗaukar ɗan wasa a matsayin wanda ya gama kwantiragi ya kama gabansa, ɗan gida ne da ya tafi cirani kuma ana jiran a ga me zai dawo da shi.

Inda abin ya samo tushe

An kafa Kano Pillars a 1990 bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin ita akwai Raccah Rovers wadda ta ci lig ɗin ƙasa a 1978, har yanzu dattawa in hira ta yi daɗi sai sun jawo ta. Pillars ta ci lig sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta yi waje da Al Ahly ta Masar, sannan ta ɗau kofin ƙalubale a 2019 a Kaduna da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes. To kulob ɗin da yake irin wannan tashe dole ejan-ejan su yi masa caa, kuma kuɗin da ake biya a lig ɗin gida ba zai riƙe yaron da aka yi wa tayi daga Turai ko ƙasashen Larabawa ba. Shi yasa kusan duk wanda ya haska sizin ɗaya ko biyu a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sai a wayi gari ya tafi, magoya bayan Pillars, wato 'yan Sai Masu Gida, kuma su bi shi da ido.

A da sai dai rediyo da jarida da kuma bakin wanda ya ce ya ji daga ɗan uwan ɗan wasan. Yanzu ga gidajen kallo a kowane lungu, ga shirye-shiryen wasanni na Freedom Radio da sauran tashoshi, ga BBC Hausa, ga Facebook da WhatsApp da TikTok, yaro zai ci ƙwallo a wata ƙasar da ba a haska lig ɗinta a Najeriya amma kafin a yi sallar isha'i bidiyon ya zaga gurup-gurup. Sai dai har yau ainihin kotun tana teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida, can ake yanke hukunci.

Ahmed Musa

Babu wanda aka bibiya kamar shi. Haifaffen Jos ne, 14 ga Oktoba 1992, kuma sizin ɗaya tak ya yi wa Pillars a zuwansa na farko, 2009 zuwa 2010, amma a ciki ya zura ƙwallo 18 wanda a lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a sizin ɗaya na lig ɗin Najeriya. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan, a Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester City ta Ingila ta saye shi a 2016 kan kuɗin da aka ruwaito sun kai fam miliyan 16.6, a lokacin kulob ɗin bai taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba.

Zaman Leicester ɗin nan shi ne ya fi nuna halin magoya bayan Kano. Mutanen da ba ruwansu da Leicester, 'yan Chelsea ne ko 'yan Arsenal tun suna yara, sai ga shi suna roƙon mai gidan kallo ya sa musu wasanta ko a ƙaramar talabijin ce. Ya fara da ƙafar dama don ya ci Barcelona ƙwallo 2 a wasan share fage, aka yi ta murna ana cewa Ingila ta shiga uku, amma da aka shiga firimiya sosai ƙwallo 2 kacal ya ci, benci ya yi yawa, har aka mayar da shi CSKA aro a Janairun 2018. A majalisu an rabu biyu, wasu na cewa koci ne ba ya yinsa, wasu na cewa a'a gudu kawai gare shi kuma firimiya ta fi ƙarfin gudu kaɗai. Gaskiyar magana kowanne ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma ba a cika son jin na biyun ba a Kano.

Abin da ya rufe bakin masu suka shi ne gasar cin kofin duniya, ƙwallo 2 a ragar Ajantina a 2014 duk da an ci Najeriya 3 da 2, da wasu 2 a ragar Iceland a 2018. Bayan nan ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya, ya bar ta a 2020, ya zauna ba kulob na wasu watanni, sai a Afrilun 2021 aka ji ya dawo Pillars. Abin takaicin shi ne a wannan lokacin Pillars a Kaduna take buga wasanninta na gida tunda an mayar da filin Sani Abacha wajen killace masu korona a 2020, don haka da yawa ba su gan shi ido da ido ba kafin ya wuce Turkiyya, Fatih Karagümrük sannan Sivasspor. A Oktoban 2024 ya sake dawowa, wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ƙwallo 2, a Yulin 2025 kuma aka naɗa shi janar manaja na kulob ɗin alhali bai daina buga wasa ba. Wannan ma ya zama abin muhawara, ya za a yi koci ya ajiye ogansa a benci, wa zai iya cire shi in ba ya kan ganiyarsa.

Akwai kuma ce-ce-ku-cen gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, inda aka tafi da shi a matsayin kyaftin amma bai buga ko minti ɗaya ba har Najeriya ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi 2 da 1. A intanet wasu na cewa gurbin wani yaro ya tare, 'yan Kano kuma suka ɗauki abin kamar da su ake, nan da nan maganar ta bar ƙwallo ta koma Arewa da Kudu. Haka yawancin rigingimun nan suke ƙarewa.

Sani Kaita da jan katin 2010

Shi wannan ɗan Kano ne haihuwa da tashi, an haife shi a 1986, daga Pillars ya tafi Sparta Rotterdam ta Holan a 2005, daga baya Monaco ta Faransa ta ɗauke shi ta riƙa ba da shi aro ga kulob-kulob na Rasha. Yana cikin waɗanda suka ciyo azurfa a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya a 2005, da kuma azurfar Olamfik a Beijin a 2008, ɗan tsakiya ne mai tare gida wanda ba ya tsoron sa ƙafa. Amma ka ambaci sunansa a ko'ina a Najeriya, abu ɗaya za a tuna.

Ranar 17 ga Yuni 2010 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, Najeriya na gaban Girka da ci ɗaya na Kalu Uche, a minti na 33 ƙwallo ta fita waje, suka ɗan yi hatsaniya da Vasilis Torosidis sai Kaita ya kai masa ƙafa, rafali ya ɗaga jan kati. Ya fita yana rufe fuska da riga, Girka ta rama ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Kakakin tawagar Najeriya ya sanar daga baya cewa saƙonnin barazanar kisa sama da 1,000 aka tura masa. Ya ba da haƙuri, amma tauraruwarsa a Super Eagles ba ta ƙara haskawa ba, ya dawo gida ya buga wa Enyimba, ya kuma je Finland.

A Kano ba a wanke shi tas ba, kowa ya san ganganci ne, sai dai ana kare shi ta wata fuskar, cewa shi Torosidis ɗin ma ya ƙara gishiri da ya faɗi yana birgima, kuma ai ba shi kaɗai ya fitar da Najeriya ba tunda a wasan gaba da Koriya ta Kudu Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga ba gola. Da an taɓo Kaita sai wani ya jefo Yakubu, shekara da shekaru kenan ana wannan musayar.

Sauran da ake bi

Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya bar Pillars a 2014 zuwa Qadsia ta Kuwait, ya zaga Fotugal da Sayifurus da Bursaspor ta Turkiyya, ya ciyo tagulla a Olamfik ɗin Rio a 2016, ya je kofin duniya na 2018, daga baya shi ma ya dawo Pillars. Reuben Gabriel yana ɗan Pillars aka ci kofin Afirka na 2013 da shi kafin ya tafi Kilmarnock ta Sikotland. Alhassan Ibrahim da ake ce wa Mu'azzam ya je Austria Wien a 2017. Junior Lokosa kuwa misali ne na wanda aka yi wa dogon buri, ya ci ƙwallo 19 a 2018 ya zama wanda ya fi kowa ci a lig, Espérance ta Tunisiya ta ɗauke shi a farkon 2019, daga nan labarinsa ya yi sanyi, kuma in ana gardamar ko ya kamata yaro ya yi gaggawar fita waje sunansa kan fito.

A ɗaya gefen ana kafa misali da Rabi'u Ali Pele, wanda ya wuce shekara 40 yana sanye da rigar Pillars. Shi ma bai tsira daga rigima ba, a 2019 an dakatar da shi wasa 12 bayan hatsaniya da alƙalin wasa a Agege ta Legas a karawa da Rangers, amma magoya baya ba su juya masa baya ba ko kaɗan, don wanda ya zauna ana yi masa uzurin da ba a yi wa wanda ya tafi.

Ma'aunin da ake auna su da shi

Abin lura shi ne yawan ƙwallayen da mutum ya ci a waje ba shi ne kan gaba ba. Tambayar farko ita ce ya manta gida ko bai manta ba. Yana zuwa hutu ya leƙa filin unguwa, yana ɗaukar nauyin gasar yara, da azumi hannunsa na motsi, in tsohon kocinsa ya kwanta ciwo ya aika? Laifin babba rowa in ji Hausawa, kuma da wannan ake kama tsohon ɗan wasa. Rabin farin jinin Ahmed Musa daga nan yake, cibiyar wasanni da motsa jiki da ya gina a Hotoro da gidan mai da kuma kyautarsa da ta yi suna. Illar wannan ma'auni ita ce ana ɗora wa kowa irin nauyin nan ko da kuwa a ƙaramin lig ya buga wanda albashin bai taka kara ya karya ba, da an ji mutum yana Turai shikenan an ɗauka ya faso gari, in ya dawo bai yi rabo ba a ce ya yi girman kai.

Sannan bibiyar tana da son kai. Wanda ya yi kuɗi ko ya shiga rigima shi ake bi, wanda rauni ya kashe masa sana'a ya koma unguwa shiru sai a manta da shi, galibi sai an ji rasuwa hotuna su cika Facebook. An ga irin wannan juyayi lokacin da Bello Musa Ƙofarmata, tsohon ɗan gaban Pillars da Heartland, ya rasu a 2022, da kuma Chinedu Udoji wanda shi yana kan buga wa Pillars ne ya rasu a haɗarin mota a Kano a Fabrairun 2018, sa'o'i kaɗan bayan wasa da tsohon kulob ɗinsa Enyimba, inda 'yan kulob biyun suka haɗu a makoki ɗaya.

Ɓangaren 'yan Turai

Nan abin ya fi kama da tsokana. Da Messi ya bar Barcelona a 2021 zuwa PSG sannan Inter Miami ta Amurka a 2023, sai aka gane su wane ne 'yan Barca su wane ne 'yan Messi. Haka da Ronaldo ya yi wata hira da ya caccaki kulob ɗinsa Man United a Nuwamban 2022 aka raba gari ya tafi Al-Nassr, 'yan Kano suka ce ai kulob ɗin Ahmed Musa ya koma, namu ya riga shi. 'Yan Arsenal har yau ba su yafe wa Van Persie komawa Man United a 2012 ba, amma Özil ko bayan ya tafi Fenerbahçe a 2021 ana sonsa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa musulman 'yan wasa irin su Özil da Mané da Kanté da Benzema suna samun sassauci na musamman a gidajen kallon Kano. Pogba ma da aka dakatar da shi shekara 4 a Fabrairun 2024 kan shan sinadarin da aka haramta, addu'a ta fi zagi yawa, da kotun wasanni ta rage hukuncin zuwa wata 18 kuwa har 'yan United da suka gaji da shi suna ciki aka yi murna.

Dawowa gida

Dawowar Ahmed Musa ta biyu da ta Shehu Abdullahi sun zo ne bayan Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, faɗuwar da cire mata maki saboda rikici ya taimaka wajen jawowa, ta kuma hauro a 2023. Zuwansu ya ƙara cika fili har a wasannin waje, amma ya canja lissafi, don mutumin da ake karewa daga nesa yanzu shi ake tuhuma in sakamako bai yi kyau ba. A Oktoban 2025 bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi 1 da 1, 'yan kallo suka afka cikin filin Sani Abacha aka taɓa alƙalan wasa da baƙi, hukumar lig ta ci tarar Pillars ta cire mata maki 3 ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina, kuma Ahmed Musa ne a matsayinsa na janar manaja ya fito ya ba da haƙuri a madadin kulob ɗin.