Waiwaye: Ignatiyus na Antakiya da Takaddamar Wasiƙunsa

Birnin Antakiya, wanda a yau yake kudancin Turkiyya kusa da iyakar Siriya, shi ne inda Littafin Ayyukan Manzanni ya ce an fara kiran masu bin Yesu da sunan Kirista. A nan ne Ignatiyus ya shugabanci ikkilisiya a farkon ƙarni na biyu. Masanin tarihi Yusibiyus na Kaisariya, wanda ya yi rubutu kusan shekara 200 bayan haka, ya ce Ignatiyus ya gaji Ebodiyus a kujerar bishop, kuma an kashe shi a Roma a zamanin Sarki Tirajan, wanda ya yi mulki daga shekarar 98 zuwa 117. Kusan duk abin da ake dogaro da shi game da mutumin nan ya fito ne daga 'yan makonnin ƙarshen rayuwarsa, lokacin da yake ɗaure a hannun sojoji.

An yanke masa hukunci a Antakiya, aka danƙa shi ga sojoji goma su kai shi Roma domin a jefa wa namun daji a gaban jama'a. Shi da kansa ya kira sojojin damisa goma, ya ce duk alherin da aka yi musu sai ya ƙara musu mugunta. Ayarin ya ratsa Asiya Ƙarama, wato Turkiyya ta yanzu, ya bi ta garin Filadelfiya, ya yada zango a Simirna, wato Izmir ta yanzu, inda bishop Folikaf ya karɓe shi. Ikkilisiyoyin da hanya ba ta bi ta kansu ba suka turo wakilai: Onisimus daga Afisa, Damas daga Magnesiya, da Folibiyus daga Tiralis. A Simirna ya rubuta wasiƙu huɗu, uku ga waɗannan ikkilisiyoyi, ɗaya ga Kiristocin Roma mai ɗauke da kwanan wata 24 ga Agusta. Da suka isa Taruwasa sai ya ƙara uku, zuwa Filadelfiya da Simirna da kuma Folikaf shi kansa.

Wasiƙar Roma ita ce ta fi shahara, domin a cikinta yake roƙon 'yan'uwansa kada su nemi a yi masa afuwa. Ya ce shi alkamar Allah ne, haƙoran namun daji ne za su niƙa shi har ya zama gurasa mai tsarki. Wasu masu karatu na ganin jarumtaka a wannan magana, wasu kuwa na ganin zumuɗin mutuwa ya yi yawa. Ko ta yaya aka ɗauke ta, ta bazu da wuri, tun da Ireniyus na Liyon ya kawo ta a rubutunsa wajen shekarar 180. Sauran wasiƙun sun fi karkata ga sha'anin cikin gida. Ya yi raddi ga masu cewa jikin Almasihu siffa ce kawai, bai sha wahala da gaske ba, yana mai nuna cewa idan haka ne to shi ma sarƙar da ke wuyansa ta banza ce. Ya kira Jibin Ubangiji maganin rashin mutuwa, kuma a wasiƙarsa ga Simirna ne aka fara samun kalmar katolika, wato ta duk duniya, a rubuce tana siffanta ikkilisiya.

Amma abin da ya jawo takaddamar ƙarnoni shi ne nacewar da ya yi a kan tsarin shugabanci: bishop ɗaya a kowane gari, dattawa a ƙarƙashinsa, sannan dikinoni, wato masu hidima, kuma kada a yi baftisma ko taron jibi ba da izinin bishop ba. Idan wasiƙun na gaske ne, to wannan tsari ya kafu a Siriya da Asiya Ƙarama tun ba a yi nisa da zamanin manzanni ba. Folikaf ya ambata a wasiƙarsa ga mutanen Filibi cewa ya tattara wasiƙun Ignatiyus ya aika musu, Yusibiyus kuma ya lissafa guda bakwai. Sai dai a ƙarni na huɗu wani ya yi wa bakwai ɗin cushe, ya kuma ƙirƙiro wasu shida, kuma wannan kundi mai wasiƙu 13 shi ne Turai ta fi sani tsawon ƙarnoni. Da aka shiga rikicin gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16, masu goyon bayan sarautar bishop suka riƙe shi hujja, John Calvin kuwa, ɗaya daga cikin jagororin gyaran, ya yi watsi da shi gaba ɗaya, kuma ba za a ce bai da dalili ba, domin jabun da ke ciki a fili yake.

James Ussher, babban bishop na Armagh a ƙasar Ireland, shi ya fara warware ƙullin a 1644, bayan ya gano wata tsohuwar fassarar Latin a Ingila wadda ba ta da cushen. A 1646 Isaac Vossius ya buga shida daga cikin wasiƙun da Girkanci daga wani kundi na birnin Florence, a 1689 kuma Thierry Ruinart ya fito da ta Roma. Duk da haka ƙura ba ta lafa ba. A 1845 William Cureton ya buga wasiƙu uku gajeru da harshen Suryani, wato tsohon harshen Kiristocin Siriya, daga littattafan da aka kwaso a wani gidan sufaye na hamadar Masar, ya ce su kaɗai ne na asali. Binciken Theodor Zahn a 1873 da na J. B. Lightfoot a 1885 ya nuna cewa ukun nan taƙaitawa ce kawai, kuma tun daga nan akasarin masana suka tsaya a kan bakwai ɗin Yusibiyus, ko da yake Robert Joly a 1979 da Reinhard Hübner a 1997 sun sake tayar da shakku, suna ganin an rubuta su ne daga baya, a rabin ƙarshe na ƙarni na biyu.

A ganina mafi ƙarfin shaidar ingancinsu tana cikin abin da ba su faɗa ba. Mutumin da ke ambaton bishop a kusan kowane shafi bai gaishe da wani bishop ba a wasiƙarsa ga Roma, kuma yadda yake ta roƙon mutanen Magnesiya kada su raina Damas saboda ƙuruciyarsa ya fi kama da mai kare tsarin da bai gama zama da gindinsa ba.

Al'adar ikkilisiya ta ce an mayar da ƙasusuwansa Antakiya, inda Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi a ranar tunawa da shi a ƙarshen ƙarni na huɗu. Katolika na tuna shi ranar 17 ga Oktoba, Otodoks na Gabas ranar 20 ga Disamba, shugabannin ikkilisiyar Otodoks ta Suryani kuwa har yau kowannensu yana ɗaukar sunan Ignatiyus idan ya hau kujerar Antakiya.