Paradise da Firdausi: sunan lambun sarakunan Farisa ne

Kalmar paradise da Turawan Ingila ke kiran Aljanna da ita aro ce, kuma tushenta ɗaya da Firdausin da muke roƙa wa mamatanmu, muke kuma raɗa wa 'ya'ya mata. A Farisa ta dauri, Iran ta yau, aka haife ta. A harshen Avesta, wani tsohon harshen Iraniyawa, ana cewa pairi-daeza: pairi shi ne kewaye, daeza kuwa katanga. Wato fili ne da aka zagaye da katanga, babu zancen lahira a ciki.

Sai dai ba kowane fili ba. A ƙasa mai ƙarancin ruwa, sarki ne ke iya janyo ruwa ta magudanai, ya dasa itatuwa jere-jere, ya zuba namun daji a ciki. Wani sojan Girka mai suna Zinofon, wanda ya bi rundunar yariman Farisa Sairus Ƙarami a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin irin wannan lambu da kogi ya ratsa, inda yariman ke farauta a kan doki don motsa jiki. Girkawa suka lanƙwasa sunan ya zama paradeisos.

Ma'anar addini ta shigo ne a Iskandariya ta Masar, lokacin da malaman Yahudawa suka mayar da Attaura zuwa harshen Girka a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa. Da suka zo kan lambun Annabi Adamu, wannan kalma suka ɗauka. Daga nan ta bi ta Latin da Faransanci ta isa Ingila. A Larabci ta zama firdaus, sau biyu ta zo a Alƙur'ani: aya ta 107 a Suratul Kahfi da ta 11 a Suratul Muminun.

Abin mamaki, su masu kayan ba da ita suka saba kiran Aljanna ba. Ba'iraniye behesht yake cewa, daga tsohuwar kalma vahishta, ma'ana mafifici; babbar maƙabartar Tehran ma Behesht-e Zahra sunanta. Firdaus ta hannun Larabawa ta komo musu. Pardis kuwa, wata siffar kalmar, yanzu sunan wani sabon gari ne kusa da Tehran, ana kuma kiran harabar jami'a da shi. Wadda ta zauna a gida ba ta je ko'ina ba ita ce paliz, kuma a bakin manomi ba ta wuce gonar kankana da kokwamba ba.