Hoton bangon allo da ke ɓacewa a kwamfutar hannu mai rutin: tambayoyi da amsoshi

An yi mini waɗannan tambayoyi har na daina ƙirgawa, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: mutum ya yi wa kwamfutar hannunsa rutin (root), wato ya samar wa kansa cikakken iko a kan tsarinta, ya ɗora hoton da yake so a bangon allo, ya kashe ya kunna, sai ya tarar hoton kamfani ya dawo ya zauna daram. Na tara amsoshin wuri guda domin kada in sake maimaita su. Duk abin da ke nan game da na'urorin Android ne.

Tambaya: Rutin ɗin da na yi ne ya jawo wannan matsala?

Amsa: A'a. Rutin izini ne kawai na shiga wuraren da aka kulle, kuma izini ba ya goge hoto. Abin da ka aikata bayan ka samu izinin, ko abin da wata manhaja ta aikata da shi, shi ne abin tuhuma.

Tambaya: Na goge asalin hoton daga ma'ajiyar hotuna, ko shi ya sa ya ɓace?

Amsa: Idan hoto ne tsayayye wanda ba ya motsi, ba shi ba ne. A lokacin da ka zaɓi hoton, Android ya riga ya yi wa kansa kwafi ya adana a wurinsa. Sai dai idan wata manhaja mai sauya hotuna ce ke ɗauko shi daga folda, to ita kam tana bukatar asalin.

Tambaya: A ina tsarin yake adana kwafin nasa?

Amsa: A cikin /data/system/users/0/. Daga Android 7.0 na shekarar 2016 za ka ga wallpaper_orig, wato asalin hoton, da wallpaper, wato wanda aka yanka daidai allo, da kuma wallpaper_info.xml mai ɗauke da bayanin girman hoton da manhajar da ke nuna shi. Idan allon kulle yana da hotonsa dabam, za ka ga wallpaper_lock da wallpaper_lock_orig. Sifilin da ke ƙarshen adireshin lambar mai na'ura ce. Tun Android 4.2 na 2012 kwamfutar hannu tana karɓar mutum fiye da ɗaya, kuma na biyu lambarsa 10 ce, saboda haka wanda ya gyara folda ta 0 alhali yana shiga da asusu na biyu, ya gyara ɗakin wani ne.

Tambaya: Na kwafa hotona da hannu cikin wannan folda, na sa masa suna wallpaper, amma ya ƙi zama. Me ya sa?

Amsa: Wa ya aike ka? Hanyar sa hoto ita ce ta cikin saituna, kamar yadda kowa yake yi, kuma rutin bai soke wannan hanya ba. Da ka kwafa fayil ɗin da manhajar rutin, ya shiga da sunan root a matsayin mai shi, alhali sashen Android da ke kula da hoton bango yana aiki ne da sunan system, mai lamba 1000. Bayan haka akwai SELinux, wato sashen tsaro na tsarin, wanda tun Android 5.0 na 2014 yake tsaye a kan dukkan tsarin, yana duba tambarin da ke jikin kowane fayil. Tambarin wannan fayil wallpaper_file ne, kuma fayil ɗin da aka ɗauko daga wani wuri yana iya zuwa da wani tambarin dabam. Idan tsarin ya kasa karanta hoton, ba ya yin gardama da kowa, sai kawai ya koma na kamfani. Ka buɗe tasha, wato manhajar rubuta umarni (terminal), ka rubuta umarnin "su" domin samun izinin root, ka shiga foldar, sannan ka rubuta ls -lZ domin ka ga mai fayil da tambarinsa. Gyaran shi ne chown system:system wallpaper, sai chmod 600 wallpaper, sai restorecon wallpaper, ka yi wa wallpaper_orig haka shi ma, sannan ka sake kunna na'urar. Mafi sauƙi ma shi ne ka goge abin da ka kwafa, ka koma saituna ka zaɓi hoton.

Tambaya: To in kashe SELinux gaba ɗaya mana in huta?

Amsa: Kada ka kuskura. Ba a rushe katangar gida saboda ƙofa ɗaya ta cije. Umarnin restorecon bai kai daƙiƙa biyu ba.

Tambaya: Nawa hoto ne mai motsi, kuma kullum sai ya koma tsayayye.

Amsa: Hoto mai motsi manhaja ce da ke gudana a bayan fage, kuma duk abin da ke kashe manhajoji yana iya kashe ta. Masu rutin sun fi kowa faɗawa wannan rami, domin su ne ke ɗora manhajojin share ƙwaƙwalwa da masu sa manhajoji barci, su ba su cikakken izini, sannan su zo suna mamaki. Ka cire manhajar hoton daga jerin waɗanda ake kashewa, ka kuma cire ta daga takunkumin tanadin batir. Kada ka mayar da ita kan katin ajiya, domin a lokacin da na'ura ke tashi katin bai gama haɗuwa ba, tsarin zai neme ta ya rasa, ya maye gurbinta. Haka nan idan manhajar ta faɗi, aka tashe ta, ta sake faɗuwa cikin kimanin daƙiƙa 10, Android yana fid da rai da ita ya koma hotonsa. Wanda kuwa yake ganin hoton kamfani bayan kunnawa, amma da zarar ya sa lambar sirri nasa ya dawo, ya kwantar da hankalinsa, babu abin da ya lalace. Manhajar tana cikin ɓangaren da ba ya buɗewa sai an sa lambar sirri a karon farko.

Tambaya: An ce in kulle fayil ɗin yadda babu mai iya canza shi. In yi?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, domin ya danganta da shekarun na'urarka, da abin da ke canza hoton, da kuma irin kullewar da kake nufi.

Shawarar ta samo asali ne daga tsofaffin na'urori. Kindle Fire ta farko, wadda ta fito a 2011 a kan Android 2.3, tana sauya hotunanta da kanta, ta share wanda mutum ya sa. A wancan zamani hoton yana zaune ne a /data/data/com.android.settings/files, sai masu rutin suka gano cewa idan suka sa hotonsu, suka cire izinin rubutu daga wannan folda, tsarin ba ya iya taɓa shi. Dabarar ta yi aiki, kuma wanda har yanzu yake riƙe da irin wannan na'ura yana iya bin ta. Inda matsalar take shi ne mutane suna ɗauko tsohuwar dabara su ɗora a kan sabuwar folda. A yau /data/system/users/0/ ba ta hoton bango kaɗai ba ce. A cikinta ne settings_system.xml da settings_secure.xml suke, tare da bayanan manhajojin da aka kashe da na ƙananan allunan fuskar gida. Idan ka hana rubutu a wannan folda, ka hana na'urar tuna saitunanta, kuma mai yiwuwa abin da zai biyo baya ya fi ɓacewar hoto muni nesa ba kusa ba. Saboda haka foldar dai kada a taɓa ta.

Saura kulle fayil ɗin shi kaɗai. Cire masa izinin rubutu da chmod 400 yana hana a rubuta a kansa, amma ba ya hana a goge shi a ƙirƙiri sabo, domin ikon gogewa yana bin izinin folda ne, ba na fayil ba. Shi ya sa wasu ke cewa ya yi musu aiki, wasu kuma su ce bai yi ba, kuma duka gaskiya suke faɗa. Abin da ke riƙewa da gaske shi ne chattr +i, wanda ke sa fayil ya zama ba a rubutu a kansa, ba a goge shi, ba a sauya masa suna, ko da root ne ya nema, har sai an cire alamar. Yana aiki a kan ext4 da f2fs, waɗanda su ne tsarin ajiyar da aka fi samu a ɓangaren data. Wanda zai yi, ya fara sa hoton ta saituna, ya tabbatar ya fito yadda yake so, sannan ya kulle wallpaper da wallpaper_orig tare, domin kulle ɗaya a bar ɗaya yana iya sa su saɓa wa juna.

Duk da haka ba na ba da wannan shawara a matakin farko, kuma ga dalili. Kullewa tana amfani ne kawai idan wani abu yana rubuta sabon hoto a kan naka. Idan tsarin kasa karanta fayil ɗin yake yi, ka kulle fayil marar amfani ke nan. Idan kuma mai laifin yana sauya manhajar da ke nuna bangon ne, wannan canji a wallpaper_info.xml ake rubuta shi, hotonka zai zauna lafiya a folda alhali allo yana nuna wani abu dabam. Shi wannan fayil na bayani ban yarda a kulle shi ba, domin tsarin yana sabunta shi a kai a kai, kuma daga Android 12 da yawa daga irin waɗannan fayiloli ba ma rubutu ne da ake gyarawa da hannu ba.

Abin da nake so a fara yi shi ne a duba lokaci. Ka sa hotonka, ka rubuta ls -l, ka lura da sa'a da girman fayil ɗin. Bayan hoton ya ɓace ka sake dubawa. Idan ka sa shi da ƙarfe 9:14, yanzu kuma fayil ɗin yana nuna 6:00 da wani girma dabam, to wani ya rubuta a kansa, kuma sa'ar da ta zo cif haka alama ce ta manhaja mai jadawali, kamar mai sauya hoto kullum ko manhajar jigo ta kamfani mai sauya kamannin allo. Idan sa'a da girma ba su canza ba, matsalar karantawa ce, ka koma kan izini da tambari. Idan fayil ɗin ya ɓace ɗungurungum, an goge shi ne, ko dai tsarin da kansa ko wata manhajar shara. Daga nan sai ka rubuta logcat -d | grep -i wallpaper ka karanta abin da ya faru a daidai lokacin, da dumpsys wallpaper domin ka ga manhajar da ke riƙe da bangon yanzu. Idan ka kama sunanta, pm disable-user --user 0 tare da sunan kunshinta, wato cikakken sunanta a tsarin, zai dakatar da ita, kuma wannan ya fi kullewa tsabta, muddin ba wani ginshiƙin tsarin ka dakatar ba. Sai idan manhajar tana haɗe da fuskar gida ko allon kulle yadda ba a iya raba su, a nan ne chattr yake da hujja.

Tambaya: Ko modul ɗin Magisk, wato ƙarin da ake ɗorawa a kan manhajar rutin mai suna Magisk, zai iya zama sanadi?

Amsa: Ƙwarai kuwa, musamman na jigo da na sauya fuskar tsari. Ka kashe su duka, ka kunna na'urar, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ka leƙa /data/adb/service.d ma, domin mutane suna ajiye rubutun umarni a can su manta.

Tambaya: In mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani?

Amsa: Saboda hoto? A'a. Za ka rasa komai, kuma idan manhajar kamfani ce mai laifin, tare za ku dawo.

Tambaya: Girman hoton yana da tasiri?

Amsa: Yana da shi, musamman a na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Girman fayil ba shi ne abin dubawa ba, domin idan aka buɗe hoto kowane ɗigo yana cin bayit 4, wato hoto mai 4000 da 3000 yana neman kusan megabayit 48 ko da fayil ɗinsa bai wuce 3 ba. Ka rage shi ya yi kusa da girman allonka, ka adana shi a JPEG ko PNG da tsarin launi na sRGB. A 2020 an ga hoto guda da ya riƙa durƙusar da wayoyi masu Android 10 saboda yadda tsarin ya lissafa launinsa, don haka maganar launi ba wasa ba ce. Ka kuma tabbatar ma'ajiyar ba ta cika maƙil ba, domin inda babu wuri ba a rubuta fayil.

Tambaya: Zan iya sa hotona ya zama shi ne na kamfani, ta yadda ko an koma, nawa za a koma?

Amsa: A na'urori da yawa za ka iya, kuma ina ganin wannan ya fi kullewa hikima. Android yana duba wani saiti mai suna ro.config.wallpaper, idan ya nuna masa fayil sai ya ɗauke shi a matsayin hoton asali, idan babu ya ɗauko wanda ke cikin framework-res.apk. Ka haɗa ƙaramin modul na Magisk mai ɗauke da hoton, ka rubuta adireshinsa a matsayin wannan saiti a system.prop, fayil ɗin saitunan modul ɗin. Kada ka buɗe framework-res.apk kana gyarawa, domin kuskure kaɗan a cikinsa yana hana na'ura tashi, kuma daga Android 10 ɓangaren tsarin a yawancin na'urori ba ya ma karɓar rubutu. Kamfanin da ya ɗora tasa manhajar jigo yana iya yin biris da wannan saiti, sai an gwada.

Tambaya: Na kulle da chattr watannin baya, yanzu ina zaɓar sabon hoto yana ƙin shiga.

Amsa: Ai abin da ka nema ke nan. Ka rubuta chattr -i a kan fayilolin biyu, ka sa sabon hoton, ka sake kullewa idan har yanzu akwai bukata. Umarnin lsattr zai nuna maka ko harafin i yana nan.