Don Allah a daina kunna famfon kifi a bushe

A 'yan makonnin nan, kusan duk gonar kifin da aka kira ni da sassafe labarin ɗaya ne. Kifi sun taso saman ruwa suna ta hamma, wasu har sun juya ciki sama, mai gona kuma yana tsaye kan famfo yana tsine wa wanda ya sayar masa. In na duƙa na duba, sai in tarar ruwa na ɗiga ta inda sandar injin ke shiga cikin famfon. Sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo ta wurin sandar, ya ƙone. Na tambaya ko an cika famfon da ruwa kafin a tayar da shi, sai a yi tsit, ko a ce ai yaro ne ya kunna.

'Yan'uwa, sau nawa za mu faɗi wannan magana? Ba a kunna famfo a bushe!

Sil ɗin nan zobe biyu ne masu santsi da sifirin ke matse su fuska da fuska. Ɗaya yana juyawa tare da sanda, ɗayan yana tsaye. Galibi ɗaya na kabon ne, ɗayan na tangaran. Ɗan ruwan da ke ratsawa tsakaninsu shi ne mansu, shi ne kuma yake sanyaya su. Injin lantarki na iya juyi kusan 2,900 a minti ɗaya. To ka raba su da ruwa a irin wannan gudu, me kake tsammani? Su yi zafi, robar da ke riƙe da su ta ƙone, fuskar ta kwarzane. Wani kuma da ya ji ƙauri sai ya yi maza ya kwara ruwan sanyi, tangaran ɗin ya tsage nan take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa "bari in ɗan gwada in ji ko yana aiki". Wannan ɗan gwajin ne ke kashe shi. Ƙila ba zai nuna a ranar ba. Sai tsakar dare ya fara yoyo, ya riƙa zuƙar iska, ƙarfin ruwa ya faɗi kana barci.

Kuma kun san abin da ke rataye da famfon nan. Bututun nan mai siririn wuya da ke zuƙo iska yana cakuɗa ta da ruwa, wanda ake kira da sunan Venturi, masanin Italiya da ya bayyana dabarar a 1797, ba ya aiki sai ruwa na gudu da ƙarfi. Ruwa mai ɗumin digiri 30 abin da yake iya riƙewa na iskar oksijin bai kai miligiram 8 a lita ba, kuma da dare gansakuka ma shaƙa take yi maimakon ta bayar. Shi ya sa asarar ke zuwa gab da asuba.

Na san gajiya, wallahi na sani. Mutum ya wuni yana fama, ga tsadar abincin kifi, ga rashin barci. Amma cika famfo minti nawa ne? Wata huɗu kana ciyarwa, ka zubar da komai saboda ƙyuyar ɗaukar bokiti?

A taƙaice dai: buɗe murfin sama, cika shi da ruwa har ya tumbatsa, rufe, sannan ka kunna. Duba bawul ɗin bakin tiyon da ke zuƙo ruwa, wato abin da ke hana ruwan komawa, in ba ya riƙe ruwa a canza shi. Kada bakin tiyo ya fito sama da ruwa. In ka kunna ruwa bai fito ba, kashe, bar shi ya huce kafin ka zuba wani. Ajiye sil guda na ko-ta-kwana.

Yaron da ke kwana a gonar kuma, kama hannunsa yau ɗin nan ka nuna masa murfin, ya cika a gabanka ka gani.