Waiwaye: Gardamar Garkuwar Fuska a Wasan Sofbol na 'Yan Mata Ba Jiya Ta Fara Ba

Da zarar kakar wasan sofbol ta kama a Amurka, sai tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin iyaye, masu horarwa da hukumomin wasannin makarantu: a tilasta wa 'yan matan da ke tsaron fili sa garkuwar fuska, ko a bar kowace da zaɓinta? Galibi bidiyo ne ke kunna wutar. Yarinya ta jefa ƙwallo, an maido mata da ita a fuska, ta zube ƙasa. Sai a kwana biyu ana cacar baki a Facebook, wasu na cewa an shagwaɓa yaran zamani, wasu na cewa ido da haƙori sun fi kofi daraja. Wanda ya tsinci maganar a nan zai ɗauka tsoron iyayen yau ne ya haife ta. Ni kuwa ina ganin wasan ne da kansa ya canza a hannun yaran, kuma an san lokacin da ya canza.

Ga wanda bai saba da shi ba, sofbol ƙanin besbol ne. Mai jifa tana tsakiyar fili, ta wulwula hannu ta sako ƙwallo ta ƙasa. Mai bugu ta make ta da sanda, ta ruga tana bin tashoshi, sauran kuma na ƙoƙarin cafewa su riga ta. Kewayen ƙwallon inci 12 ne, nauyinta kusan giram 190, ga tauri. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne, ba 90 irin na besbol ba. Wato kowa na kusa da kowa.

Farkon labarin sananne ne. A 1887 aka ƙago wasan a Chikago, cikin ɗaki, da safar 'yan dambe da aka ɗaure ta zama ƙwallo da kuma sandar tsintsiya. Wani mai suna George Hancock ne ya tsara masa dokoki. A 1933 aka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa. Dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ta buɗe wa 'yan mata ƙofa suka yi dafifi. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kayan kariya kuwa, a wannan dangin wasanni, kullum a baya suke zuwa. Tun 1877 mai cafewa a bayan mai bugu ya fara sa ragar ƙarfe a fuska, a jami'ar Harvard. Ɗan wasan besbol Ray Chapman ya mutu a 1920 bayan ƙwallo ta same shi a kai, amma sai a 1971 hular kwano ta zama dole ga masu bugu a babbar gasar besbol ta ƙasar.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sanda. A nan, a ganina, maganar take.

Shekaru masu yawa da sandar katako ake wasan. Katako ba ya lotsawa. Idan ƙwallo ta haɗu da shi, ita ce ke matsewa, kuma a wannan matsewar ƙarfi mai yawa ke salwanta. A shekarun 1970 sandar alminiyom ta shigo, mai rami a ciki, marar nauyi, ba ta karyewa. Makarantu suka yi maraba da ita don ta rage musu kashe kuɗi, yara kuma suka ji daɗin wulwula ta. Amma sanda mai rami halinta daban ne. Bangonta yakan lotsa kaɗan idan ƙwallo ta dira, sannan ya dawo da ƙarfi ya tunkuɗa ta, kamar fatar ganga da aka ɗaure tam. Ƙarfin da a da yake ɓacewa, yanzu yana bin ƙwallon zuwa cikin fili.

Daga nan aka shiga tseren ƙira. A farkon shekarun 1990 aka fito da sanduna masu bango biyu, da na ƙarfen titaniyom waɗanda ba a daɗe ba aka haramta su saboda tsananin gudun ƙwallon da ke fita daga jikinsu. Wajen shekarar 2000 sandunan zaren kabon da aka haɗa da danƙo na musamman suka fara mamaye kasuwa. Waɗannan sun zo da abu biyu. Na farko, wurin da ke ba da bugu mai kyau a jikin sandar ya faɗaɗa, ta yadda yarinyar da ba ta dace da ƙwallon sosai ba ma za ta iya harba ta da ƙarfi. Na biyu, kuma shi ne abin mamaki, irin wannan sanda ƙara zafi take yi idan ta tsufa. Yawan bugu na sassauta danƙon da ke tsakanin zaren, bangon ya ƙara laushi, tunkuɗar ta ƙaru. Sandar da ta ci gwaji tana sabuwa na iya wuce ƙa'ida bayan ta sha bugu. Har aka samu masu murza sabuwar sanda a inji don su gaggauta tsufanta, da masu kankare cikinta, duk da cewa haramun ne a dokar wasan.

Masu tsara dokoki ba su naɗe hannu ba. A 2000 aka fara buga hatimin amincewa a jikin sanduna, a 2004 kuma aka sa iyaka: a gwajin ɗakin bincike, kada gudun ƙwallon da sanda ta buga ya wuce mil 98 a awa, kusan kilomita 158. Daga baya aka ƙara da gwada sanda bayan an tsufar da ita da gangan. Birki ne mai amfani, kuma ya hana abin ƙara lalacewa. Sai dai birki tsayar da mota yake yi a inda ta kai, ba ya maido ta inda ta taso. Zamanin katako ya riga ya wuce. Babu wanda ya zauna ya shirya a jefa yara cikin haɗari; kowane mataki da hujjarsa mai kyau, ko rahusa, ko sauƙin riƙo, ko ƙarin maki da ke jawo 'yan kallo. Amma da aka tara su, sai aka wayi gari da sandar sabon zamani a filin da aka auna tun zamanin da.

A lissafa a gani. Mai jifa a makarantar sakandare tana farawa daga ƙafa 43, kusan mita 13. Amma ba a nan take ƙarewa ba, domin tsalle take yi gaba yayin sakin ƙwallon, ta dira wajen mita 11 daga mai bugu, nauyinta a kan ƙafa ɗaya, hannunta mai safa bai gama dawowa gabanta ba. A ɗauka an maido ƙwallon da gudun mil 70 a awa, wato kusan mita 31 a daƙiƙa guda. Abin da take da shi bai wuce sulusin daƙiƙa da ɗan ɗoriya ba. Ɗan Adam kuwa na cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ma jikinsa ya fara amsa abin da ido ya gani. Kafin ƙiftawa da bismillah ke nan, ba a matsayin karin magana ba. Ga ƙananan yara tazarar ta fi haka gajarta: ƙafa 40 ga 'yan shekara 12, ƙafa 35 ga 'yan shekara 10.

Mai tsaron tasha ta uku ma ba ta tsira ba. A sofbol akwai masu bugu da hagu da suka ƙware wajen taɓa ƙwallon kaɗan su ruga, don haka mai horarwa kan ce wa yarinyarsa ta matso kusa. Ta matso, ta sunkuya, safarta a ƙasa tana jiran ƙwallo mai gangarowa. Sai mai bugun ta sauya shawara ta saki hannu. Ba na jin akwai yawan atisayen da zai rufe wannan giɓi a kowane lokaci.

Wasu matakan sun biyo baya. A 2005 aka wajabta ragar fuska a jikin hular kwanon masu bugu a gasannin yara na ƙungiyar ƙasa, makarantun sakandare suka bi a 2006. Aka rufe fuskar mai riƙe da sanda, ta wadda ke fuskantar sandar ta zauna a buɗe. A kakar 2010 zuwa 2011 makarantun sakandare suka mayar da mai jifa baya daga ƙafa 40 zuwa 43, tazarar da jami'o'i ke amfani da ita tun 1987. Ƙafa ukun nan sun ƙara mata kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa, amma sun kuma ba mai bugu damar ganin ƙwallon da kyau, sai bugun da ke shiga fili ya ƙaru. A 2017 jihar Kentaki ta zama ta farko da ta wajabta garkuwar fuska a makarantun sakandare ga mai jifa da masu tsaron tasha ta farko da ta uku, daga kakar 2018. A matakin ƙasa kuwa dokar makarantu ta halatta sawa, ba ta tilasta ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne ƙarancin ma'aunin gwaji guda da aka yi ittifaƙi a kansa ga irin wannan garkuwa marar hula.

Masu adawa da tilastawa ba mahaukata ba ne. Suna cewa garkuwar na rage ganin ƙasa, tana sa yarinya sakaci da koyon tare ƙwallo da safa, kuma ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. Aikinta kare hanci ne, da haƙora, da muƙamuƙi, da ƙashin da ke kewaye da ido. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata hujjar da ake raɗawa yara, wai masu neman 'yan wasa daga jami'o'i na kallon mai garkuwa a matsayin matsoraciya. Kelly Barnhill ta jami'ar Fulorida da garkuwarta take jifa, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar 'yan wasan jami'o'i a 2017. Paige Lowary, wata mai jifa da ƙwallo ta sama a fuska a 2016, ta dawo sanye da garkuwa ta ci kofin ƙasa da jami'ar Okilahoma a shekarar da ta biyo.

Idan an bar abin a zaɓi, yarinya 'yar shekara 11 ce ake ɗora wa yanke hukunci a gaban ƙawayenta, kuma kunya ce za ta yi nasara. Shi ya sa nake goyon bayan a wajabta ta ga gurabe ukun nan a duk wasannin yara. Batun kuɗi ba hujja ba ne, tunda iyayen da ke sayen sandar dala 300 ko fiye ba za su kasa sayen garkuwar da galibi ba ta wuce dala 50 ba. Sai dai ko a Kentaki dokar a wasannin makaranta ta tsaya. Yaran nan kuwa da yawansu sun fi buga wasa a ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke yawo gari zuwa gari a ƙarshen mako, wasa uku ko huɗu a rana, ga gajiya, kuma a can kowace gasa da tata dokar.